Shin Big Bang Ta Kore Samuwar Mahalicci?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'a, ina aji uku a fannin injiniya. Akwai abokina da muke ɗaki ɗaya, tun sakandare muke tare. Kwanan nan ya fara cewa kimiyya ta gama bayanin yadda duniya ta faro ta hanyar Big Bang, don haka babu buƙatar Mahalicci. Na ce masa ai komai sai da wanda ya yi shi, sai ya ce to wa ya yi Allah? Na kawo masa ayar Suratul Anbiya'i da na ji wani mai wa'azi ya ce Big Bang take nufi, sai ya yi dariya. Wallahi Malam abin ya tsaya min a rai, ko barcin kirki ba na yi. Don Allah mene ne gaskiyar maganar?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayoyi uku ka ƙulla a ƙunshi ɗaya, kuma cakuɗa su da kuka yi ne ya sa musun naku ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Akwai abin da kimiyya ta auna game da farkon duniya. Akwai ko abin da ta auna ɗin ya kore Mahalicci. Sai kuma "wa ya yi Allah?", wadda ba ruwanta da madubin hangen nesa, don ta girmi nazariyyar Big Bang da fiye da shekara dubu. Ni fiziks nake koyarwa, shi ne abincina. Tauhidi kuwa a zaure na karance shi gaban malamai, gwargwadon abin da ɗalibi ke samu. A ta farko zan yi magana da ƙarfin gwiwa, a sauran biyun zan ba ka ra'ayina da dalilina, in nuna maka inda masu ja suke ja. Duk inda na ce duniya, ina nufin komai da komai, sarari da taurari da lokaci, ba ƙasar da muke takawa kaɗai ba.

Abin da aka auna

Ka ɗebi gishiri ka barbaɗa a harshen wutar gas, za ka ga wutar ta koma ruwan ɗorawa. Sinadarin sodiyom da ke cikin gishirin ne ya yi wannan, kuma kowane sinadari da irin hasken da yake fitarwa. A ɗakin gwaji nakan kunna wa ɗalibai fitilar sodiyom, a kashe sauran fitilu, su leƙa ta na'urar rarraba haske. Wanda ya saita ta da kyau zai ga layuka biyu sirara, ruwan ɗorawa, kusa da juna kamar za su haɗe. Ta irin waɗannan layukan muke gane abin da ke cikin tauraron da ba wanda ya taɓa zuwa. Tun daga 1912 Vesto Slipher a Amurka ya fara lura cewa layukan hasken yawancin gungun taurari masu nisa sun gusa zuwa ɓangaren ja, alamar suna nisantar mu ke nan. A 1929 Edwin Hubble ya haɗa wannan da awon nisa, ya nuna cewa gwargwadon nisan gungu, gwargwadon saurin guduwarsa.

Lissafi ya riga awon isa wurin. Einstein ya fito da nazariyyarsa ta ƙarfin janyowa a 1915, kuma shi kansa ya ɗauka duniya a tsaye take cik, har ya ƙara wani abu a lissafin a 1917 don ya tsayar da ita. Alexander Friedmann, ɗan Rasha, ya nuna a 1922 cewa lissafin ya yarda da sarari mai buɗewa. Georges Lemaître, ɗan Beljiyam, ya kai ga haka a 1927, sannan a 1931 ya ce idan sarari buɗewa yake yi, to a baya a matse yake, kuma in aka yi ta komawa baya za a iske komai a dunƙule. Ka riƙe sunan mutumin nan, zan dawo kansa: limamin cocin Katolika ne.

Hujjar da ta kashe bakin yawancin masu musu ta zo ne a 1964. Arno Penzias da Robert Wilson suna aiki da wata ƙatuwar eriya a jihar New Jersey, sai wata 'yar ƙara ta addabe su, duk inda suka juya eriyar tana nan, dare da rana. Har tantabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora, suka goge kashinsu, ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ragowar zafin farkon duniya ne, wanda Ralph Alpher da Robert Herman suka yi hasashensa tun 1948. Haske ne da ya taso lokacin da duniya take da shekara kusan 380,000, yau ya huce har ya kai kusan digiri 270 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Ga kuma hujja ta uku: lissafi ya ce a mintocin farko za a samu haidirojin kusan kashi 75 cikin 100 na nauyin abin da ke akwai, hiliyom kusan kashi 25, kuma da aka auna tsofaffin taurari da gajimaren gas haka aka tarar. Daga awon tauraron ɗan adam na Planck, wanda Turai ta harba a 2009, aka samu cewa duniya tana da shekara biliyan 13.8.

Saboda haka kada ka ce wa abokinka Big Bang ƙarya ce ko makircin Turawa. Za ka sha ƙasa, kuma ka cancanci shan ƙasar. Cewa duniya ta taɓa zama a matse da tsananin zafi, ta buɗe, ta huce, yana cikin abubuwan da suka fi kafuwa a fannina.

Inda awon ya tsaya

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Sunan Big Bang da kansa, wato "babbar fashewa", yana ruɗar mutane. Fred Hoyle ne ya laƙaba shi a wani shirin rediyon BBC a 1949, kuma shi abokin adawar nazariyyar ne. Ba wani abu ne ya fashe a tsakiyar fili ya watsu ba, filin ne da kansa yake buɗewa. Abu mafi muhimmanci kuma, nazariyyar labarin abin da ya biyo baya take bayarwa. Tana ɗaukar duniya tana nan, da zafinta da dokokinta, sai ta ba ka labarin yadda ta huce. Ba ta faɗi daga ina ta zo ba.

In ka bi lissafin Einstein baya har ƙarshe, zai kai ka wurin da matsi da zafi suka zama ba iyaka. Roger Penrose da Stephen Hawking sun tabbatar da haka a lissafe tsakanin 1965 da 1970. Amma kai injiniya ne, ka san abin da ake nufi idan amsa ta fito "ba iyaka": lissafin ne ya karye. A wannan matsin sai an haɗa nazariyyar Einstein da kimiyyar kwantom, wadda ke bayanin ƙananan abubuwa irin zarra, kuma har yau babu haɗin da gwaji ya tabbatar. Akwai masu cewa wata duniya ce ta tsuke sannan ta sake buɗewa, akwai masu cewa tamu ɗaya ce cikin duniyoyi barkatai, Hawking da James Hartle kuma suka kawo a 1983 cewa lokaci da kansa ba shi da baki a can farko. Duk lissafi ne mai kyau, babu ɗaya da aka auna. Ko a duniyar yau, abin da muka san ko mene ne bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Sauran mun ga aikinsa, mun raɗa masa suna, shi ke nan. Wanda ya ce kimiyya "ta gama bayani" bai zauna da masu aikin ba.

Abokinka zai iya ce maka masana sun nuna duniya za ta iya fitowa daga babu. Ka tambaye shi wace babu. Babun da ake nufi a waɗannan takardu wani yanayi ne da dokokin kwantom suke aiki a kansa, wanda yake iya juyewa ya zama wani yanayin. Abin da ke da doka da hali ai akwai ne. Haka in ya kawo maka zarrar yuraniyom da ke rushewa ba tare da an san lokacinta ba: gaskiya ne ba a iya faɗin lokacin da ƙwaya ɗaya za ta rushe, amma sai da zarrar tukuna, kuma rushewar tana bin ƙa'idar da muke aunawa daidai wa daida.

Wannan takobin kaifi biyu gare shi, dole in gaya maka. Kamar yadda fiziks bai nuna duniya ta yi kanta ba, haka bai nuna cewa shekara biliyan 13.8 ɗin nan ita ce farkon komai ba. Masu wa'azi, Musulmi da Kirista, suna yawan jawo wani sakamako na Borde da Guth da Vilenkin na 2003, wanda ya ce duniyar da a jimlace buɗewa take yi ba za a iya bin ta baya har abada ba. Sakamako ne mai nauyi, amma da sharuɗɗansa, kuma su masu shi ɗin ba su haɗu a kan abin da yake nufi game da farkon komai ba.

"Wa ya yi Allah?"

A nan kai ka buɗe masa ƙofa. Ka ce komai sai da wanda ya yi shi, kuma in dai "komai" ne, to tambayarsa ta zauna daram. Malaman tauhidi ba haka suka faɗa ba. Cewa suka yi duk fararre sai da mai farar da shi, wato duk abin da babu shi sannan ya samu. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma har yau ana karanta ta a zaurukanmu, ya san jerin: samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka. Daɗewa na nufin rashin farko. Tambayar wa ya fari wanda ba shi da farko tana warware kanta da kanta.

Abokinka in mai kaifin kai ne ba zai tsaya nan ba. Zai ce: to in dole akwai wani abu marar farko, me ya hana ya zama duniyar ce da kanta? Wannan ita ce tambayar gaske, kuma a kanta manya suka gwabza. Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya ce duniya daɗaɗɗiya ce. Alkindi a Bagadaza, a ƙarni na 9, ya ce ba zai yiwu a ce an ratso lokaci marar iyaka kafin a iso yau ba, don abin da ba shi da iyaka ba a gama ratsa shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙarfafa wannan a littafinsa na rushe maganganun masana falsafa, har ya kafirta su a kan mas'aloli uku, ɗaya daga ciki ita ce daɗewar duniya. Ibn Rushdi na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani sakin layi bayan sakin layi. Ibn Taimiyya ya zo daga baya da matsayi na daban: kowane abin halitta fararre ne, amma ba mustahili ba ne a ce Allah bai gushe ba yana halitta, wani kafin wani. A ɓangaren Kirista, Thomas Aquinas ya ce farkon duniya ta wahayi aka san shi, hankali kaɗai ba ya tabbatar da shi. Na jero maka su ne don ka ga cewa masu imani da kansu ba su taɓa rataya samuwar Allah a kan wannan ƙusa ɗaya ba.

Hujjar da ni ta fi kama ni ita ce ta Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, duk da ban bi shi a kan daɗewar duniya ba. Shi bai tambayi yaushe abu ya fara ba. Ya tambayi: samuwar abin nan tasa ce, ko aro ce? Kai da ni, da rana, da ƙwayar zarra, kowannenmu zai iya kasancewa, zai iya rashin kasancewa, kuma kowanne ya jingina da wani abu. A ce ka ga gatari a hannun maƙwabcinka, ya ce aro ya yi wurin wane, wanen ma ya ce aro ya yi, haka har gari ya ƙare. Ko da layin masu aron ba shi da ƙarshe, ba ka bayyana yadda aka yi akwai gatari ba, sai in akwai mai shi. Yawan masu aro ba ya zama mallaka. Don haka, in ji shi, dole akwai wanda samuwarsa tasa ce, Wajibul Wujudi. Ka lura wannan hujjar ba ta damu da ko akwai wata duniya kafin Big Bang ba. A kawo duniyoyi dubu a jere, tambayar tana nan.

Me ya sa ba za a ce duniyar ce wajibin ba? Domin duk alamun aro suna jikinta. Tana canzawa, haɗe-haɗe ce, kuma a fiziks muna da lambobi, irin su nauyin ilektiron (ɗan ƙanƙanin abu a cikin zarra) da ƙarfin janyowa, waɗanda awo ne ya ba mu su, babu lissafin da ya ce dole haka za su kasance. Nakan sa ɗalibai su canza ɗaya a takarda, lissafin ya tafi lafiya lau, sai dai duniyar da za ta fito babu taurari a cikinta ko babu sinadarin kabon. Hoyle ɗin nan da kansa, wanda ba mai addini ba ne, ya yi hasashen wani matakin kuzari a cikin kabon a 1953 wanda in babu shi taurari ba za su dafa kabon mai yawa ba. Aka auna aka same shi, kuma daga baya ya furta cewa abin ya yi kama da an sa hannu a fiziks.

Masu ja suna da amsa, kuma ba wawaye ba ne. Masanin falsafa David Hume ya ce sababi a cikin duniya muka san shi, da wane dalili za mu ɗora shi a kan duniyar baki ɗaya? Bertrand Russell, shi ma masanin falsafa, a muhawararsa da limamin coci Fada Copleston a BBC a 1948, ya ce duniya tana nan ne kawai, iyakar magana ke nan. Masu duniyoyi barkatai kuma suka ce in an yi su da yawa, dole wata ta dace da rayuwa, mu kuma a cikinta za mu tsinci kanmu. Ba zan ce maka akwai lissafin da zai shaƙe wuyan mai wannan ra'ayi ya sallama ba. Abin da zan ce shi ne, "tana nan ne kawai" matsayi ne na falsafa, ba a ɗakin gwaji aka samo shi ba. Kuma ni abin yana min nauyi: sana'ata gaba ɗaya ta ginu ne a kan cewa in ka ga abu ka tambayi dalilinsa, ɗalibin da ya rubuta min "haka kawai" sifili zan ba shi, sannan a zo kan tambaya mafi girma a ce nan ne dalili ya ƙare. Kowa a cikinku yana tsayawa a kan wani abu da ba a yi shi ba. Abokinka ya tsaya a kan abin da duk kamanninsa na mai jingina ne.

Ayar da ka kawo

Ban ji daɗin dariyarsa ba, amma da ni ne ba zan kawo ayar a matsayin hujja a kansa ba. Aya ta 30 a Suratul Anbiya'i ta ce sammai da ƙasa sun kasance a haɗe sai Allah Ya buɗe su. Magabata sun fassara ta ta fuska fiye da ɗaya: wasu sun ce a manne suke aka raba su, wasu sun ce sama ba ta zubar da ruwa, ƙasa ba ta tsiro, sai aka buɗe wannan da ruwa, waccan da tsiro. Tafsiri ba fagena ba ne, ka koma wa ma'abotansa. Abin da na sani a nawa fagen shi ne lambobinmu suna motsi. Awon Hubble na farko ya ba duniya shekara kusan biliyan 2, ƙasa da shekarun da masana duwatsu suka ba ƙasar da muke kai, sai da aka gyara. Kafin 1998 yawancin masana sun ɗauka buɗewar tana rage gudu, sai awo ya nuna ƙara gudu take yi. In ka ɗaure aya a jikin nazariyyar bana, ranar da aka gyara nazariyyar yaron da ka koya wa haka zai ɗauka ayar ce ta faɗi.

Lemaître ya hango wannan. A 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi yana nuna cewa sabuwar kimiyyar ta gaskata labarin halitta. Limamin da ya kawo nazariyyar, wanda ya fi kowa dalilin murna, bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su. A wancan ɓangaren kuma Hoyle ya ƙi ta har ya mutu a 2001, kuma bai ɓoye cewa maganar farko ba ta kwanta masa ba. Ka ga son rai bai bar kowane ɓangare ba.

In aya kake so a wannan zancen, ga ta 35 a Suratuɗ Ɗur: shin an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar? Ba ta jiran wani awo, tambaya ce da ke neman amsa daga hankalin mai sauraro. Jubairu bin Muɗ'im ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karanta ta a sallar magariba tun bai musulunta ba, ya ce zuciyarsa ta kusa tashi. Ni a matsayina na Musulmi na yarda duniya fararriya ce saboda nassi, hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya ce Allah Ya kasance babu wani abu in ba Shi ba. Awonmu bai saɓa wa wannan ba, kuma ba na neman ya yi fiye da haka.

Barcinka da abokinka

Rashin barcin nan kada ka ɗauke shi alamar imaninka ya tafi. Wannan tambayar da kanta ta zo a hadisi, Bukhari da Muslim duk sun ruwaito cewa Shaiɗan zai yi ta tambayar mutum wa ya halicci kaza, har ya kai ga wa ya halicci Ubangijinka, aka ce a nemi tsari a tsaya. Sahabbai sun kai ƙarar abin da ke ɗarsuwa a ransu wanda suke jin nauyin furtawa, aka ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi raddi ga masu kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilmin kalam, wato hujjojin hankali na tauhidi, ba. Akwai bambanci tsakanin wasiwasin da ke zagaye wuri ɗaya, wanda maganinsa a share shi, da shubuhar da ke da amsa, wadda maganinta karatu ne a gaban wanda ya sani.

Shi kuwa abokinka, don Allah kada ka ɗauki hoton hirarku ka tura wa kowa, kada ka kai zancen Facebook ko masallacin makaranta. Ka san garinmu, maganar da aka yi a ɗaki tana iya zama sanadin ran mutum. Daga abin da na gani a ofishina, ɗaliban da ke zuwa da wannan maganar ba kasafai fiziks ne asalin damuwarsu ba. Wani mahaifiyarsa ce ta sha jinya ta rasu yana ta addu'a, wani ya ga abin da babba mai rawani ya aikata, wani tambaya ya yi yana yaro aka zage shi. Ka tambaye shi yaushe abin ya fara, ka yi shiru ka saurara. Hujjar da na kawo maka iyakarta ta kai mutum ga Wanda samuwarSa taSa ce. Ba ta yi maganar annabci ba, ba ta kuma amsa dalilin da ya sa jariri ke shan wahala ba. In can ya nufa, babi ne daban, ka sake rubuto min.